Gyaran Gangar Auzinawa: Buzu Zai Ƙera Tankin Mota

Buzu, ina gajiya, ina iyali, ina mutanen Abzin? Gaisuwa ce daga ubangidanka maƙeri na nan Damagaram. Na san za ka zabura ka ce kai ne ubangidan, ni ne baran. Zauna, gyara amawali. Wannan shari'a ta girmi kakanninmu, kuma ba a shafin jarida za a yanke ta ba.

Direbobin Agadas sun kawo mini labarinka, suna ba ni suna riƙe ciki. Wai tsohuwar Land Cruiser ɗin nan taka mai buɗaɗɗen baya ta fara ba ka kunya. Tankinta ba ya kai ka Dirku, daɓenta kuma ya ruɓe har fasinjan gaba yana ƙirga duwatsun hanya ta tsakanin ƙafafunsa. Wannan ba abin dariya ba ne, kowace mota tana tsufa. Abin dariyar shi ne maganin da ka yanke. An ce ka sayi tsohon duro na fetur, ka aro injin walda wurin maƙwabci, ka ƙwama baƙin tabarau na 'yan gayu, ka ce wai aikin maƙera ai ba wani abu ba ne, wuta ce da guduma. Daɓen kuwa za ka rufe shi da kwanon rufi, ka shimfiɗa tabarma a kai, magana ta ƙare.

Mun daɗe muna jin ana cewa gyaran gangar Auzinawa, ba mu taɓa zaton za mu ga jikan masu gangar ya koma kan tankin mai ba. Ganga dai in ta lalace biki ne kawai ya watse.

Bari in tuna maka abin da rawani ya rufe. Tun zamanin da ayari ke tashi daga Abzin ya bi ta Faci ya sauka Bilma ɗaukar kantu da dabino, mene ne a jikin Buzu wanda ba hannun maƙeri ne ya yi shi ba? Takobin da kake ratayawa kana tafiyar ƙasaita, maƙeri ne ya yi masa ƙota ya wasa shi. Sirdin raƙumi mai yatsu uku a gaba, maƙeranku inadan suka haɗa, matansu suka yi masa adon fata. Kwaɗon da ke kulle jakarka namu ne. Sarƙar azurfar da duniya ta san Agadas da ita tamu ce. Hatta 'yar gudumar da kakanka ke fasa curin sukari da ita in zai dafa shayi, daga maƙera ta fito. Naku shi ne hawa da hura hanci, da sanin taurari, wannan kam ba a ƙwace muku ba. Amma babu Buzun da ya taɓa ƙetare Tenere ba tare da aikin maƙeri a ƙarƙashinsa ba. Don ka sauka daga raƙumi ka hau Toyota, dokar ba ta canza ba.

Ko Bishiyar Tenere shaida ce. Bishiyar ƙaya ɗaya tilo a tsakiyar rairayi, babu 'yar'uwarta sai an yi tafiya mai nisan gaske, ayari bayan ayari na yada zango a gindinta, ba mai karya mata reshe don hura wuta. Sai ga mota ta shigo Sahara. A 1973 wani direban babbar mota ya rasa abin da zai banka a duk faɗin Tenere sai ita. An ce ɗan Libiya ne, don haka ba zan ɗora maka ba. Gawarta tana gidan tarihi na Yamai. Me aka kafa a gurbinta? Bishiyar ƙarfe, aikin walda. Yau ko alamar hanya kake nema a ƙasar kakanninka, aikinmu kake hange.

Gaskiya ɗaya zan ba ka, kada ka saba: buƙatarka ta gaske ce. Tun 1984 Toyota ke fitar da wannan jinsi na Land Cruiser, kuma mutanen Japan sun yi ƙoƙari, amma tankin lita 90 suka sa wa irin taka. A kan kwalta ya wadatar. A cikin yashi mai laushi kuwa, an sassauta iskar taya, an sa giyar ƙarfi, an yi lodi har sama, injin fetur zai iya shan lita 25 a kowace kilomita 100, wani lokaci ya zarce. Daga Agadas zuwa Dirku kilomita 600 ne da ɗoriya. Lissafa da yatsunka: lita 150 ke nan in ba ka ɓata hanya ba, ba ka kafe ba, guguwa ba ta tashi ba. Tankin kamfani zai ajiye ka tsakanin Bishiyar Tenere da rijiyar Ashegur, inda babu gidan mai sai gidan gaskiya. Tun da zinariya ta ɓulla a Jado a 2014 kuma, tafiyarku ta ƙara nisa. Jarkokin da kuke jerawa a baya, fasinja na zaune a kansu, wani ma da sigari a baki, jinkirin ajali ne kawai. Saboda haka ƙarin tanki daidai ne. Wanda ya ɗauki aniyar ƙera shi ne ba daidai ba.

Mu fara da duron nan. Ka girgiza shi ba ka ji motsi ba, ka ce babu komai a ciki. To, fanko ya fi cikakke haɗari. Abin da ke fashewa tururin fetur ne in ya gauraya da iska, kuma ba ya buƙatar yawa: daga kusan kashi ɗaya da rabi zuwa kashi bakwai da rabi cikin ɗari na iskar da ke ciki ya isa. A duro mai lita 200, ragowar man da ba ta cika kofin shayinka ba ta isa ta mayar da shi bom. Tartsatsi ɗaya daga injin yanka, murfin ya tashi ya tafi da abin da ya tarar, ko da rawani ne da abin da ke cikinsa. Ɗauraya da ruwa sau ɗaya ba ta fitar da man da ya maƙale a lungun haɗi da cikin tsatsa. Shi ya sa a gidanmu ba a ƙera tanki da tsohon mazubin mai, sabon farantin ƙarfe ake yanka. Kuma ba irin kwanon rufi mai farin shafe ba. Wannan shafen in wuta ta taɓa shi, farin hayaƙi yake yi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. In kuma gazuwal aka zuba a kansa, a hankali yake narkewa ya je ya toshe nozul.

Na san inda tunaninka ya samo asali. A wurinka duk abin da ke riƙe ruwa salka ne: a ɗinke, a cika, a ɗaure baki, a rataya a gefen raƙumi. Salka tana lanƙwasa ta bi jikin dabba, in ta yi zufa ma alheri ne, ruwa ya yi sanyi. Tanki kuwa in ya yi zufa, a fara salati. Fetur lita 150 ya haura kilo 110. In ka zuba shi a akwatin da babu shamaki a ciki, kana taka birki zai ruga gaba ya daki bango, kana hawa tudun yashi zai koma baya, kana karkata a gefen tudu zai taru a gefe guda, daidai lokacin da motar ke neman abin da zai ƙarasa kifar da ita. Wannan dukan da yake maimaitawa a kan hanya mai gargada shi ke tsaga walda. Don haka muke raba cikin tanki da shamaki biyu ko uku, mu yanke musu kusurwoyin ƙasa don mai ya ratsa a hankali, da na sama don iska ta wuce. A ƙasa kuma a yi ɗan gurbi inda bakin bututun zuƙa zai zauna, yadda ko mai ya yi ƙasa, ko mota ta ɗaga hanci sama, famfo ba zai zuƙi iska ba.

Aikin da kwali yake farawa, wuta sai daga baya. A shiga ƙarƙashin mota da ma'auni, a duba sararin da ke tsakanin ƙarafan shasi biyu, a bar wa farfela da aksul wurin da za su yi sama da ƙasa in sifirin ya danne. A haɗa tankin kwali da salatif, a cusa, a fitar, a rage, a ƙara, har ya zauna. Lissafin ko ɗan firamare ya iya: tsawo sau faɗi sau zurfi da santimita, a raba da dubu. Santimita 100 da 60 da 25 sun ba ka lita 150. Farantin baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 2 ya isa. Shi da shamakansa za su kusa kilo 40, in an haɗa da mai, buhu uku ke nan masu kilo hamsin-hamsin. Shi ya sa ake sa shi ƙasa, kusa da tsakiyar mota, ba a kan rufi ba, inda na ji ka ce ya fi kyan gani. Na ji kuma kana sha'awar na alminiyam don yana ƙyalli. Ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, amma yana son kaurin milimita 3 da walda ta musamman mai iskar argon. Injin maƙwabcinka bai san wannan yaren ba.

Sai lanƙwasa. Gwani yana naɗe farantin ya fitar da ƙasa da gefuna daga yanki ɗaya, domin duk inda aka yi walda, nan ɗigo zai fara neman hanya. A ɗiɗɗiga walda nan da can tukuna, a bar ƙarfe ya huce, sannan a bi a haɗe. Mai gaggawar da ya ja wuta daga wannan kusurwa zuwa waccan a numfashi ɗaya, farantin murɗe masa zai yi. Kana da haƙurin dafa shayi hawa uku, amma na san ba ka da na wannan.

An ce niyyarka ka manne tankin da walda a jikin shasi don kada ya faɗi. Haba Buzu! Shasin motar jeji murɗawa yake yi. Taya ɗaya na kan dutse, ɗaya na cikin rami, ƙarafan nan biyu su lanƙwasa su dawo. Tankin da aka manne a jikinsu dole ya murɗe tare da su, shi kuwa akwati ne, sai ya tsage a kusurwa. Ɗaure shi ake yi da maɗauran ƙarfe biyu ko uku, a sa roba tsakani, a ƙulle da noti. A nisanta shi da salansa, in wuri ya ƙure a gitta faranti ya tare zafi. A ƙarƙashi a sa wani faranti mai kauri, saboda duwatsun Abzin ba su san kai ɗan gida ne ba. A haɗa masa waya zuwa shasi, don wutar da gogayya ke tarawa ta sami hanyar wucewa maimakon ta yi tartsatsi a bakin zuba mai. Tsarin man kamfani kuwa a bar shi yadda yake. Ƙaramin famfo da filta su riƙa kwaso mai daga sabon tanki suna juyewa a tsohon, in ɗaya ya sami matsala ɗayan na nan.

Ga kuma abin da ba a koya maka a zango ba: mai yana kumbura. Kowane digiri ɗaya na zafi yana ƙara wa fetur kusan kashi ɗaya cikin dubu. Ka cika lita 150 da sanyin asuba, kafin azahar zafi ya ƙaru da digiri 20, ka sami ƙarin kusan lita 3 da ba ka saya ba. Na san za ka ce riba. Ribar nan in ba ta sami wuri ba, ta bakin murfi za ta fito ta bi jikin mota. Saboda haka ake nutsa wuyan zuba mai cikin tanki kaɗan, yadda kusan kashi ɗaya cikin goma zai zauna fanko kome haɗamar mai cikawa. A fitar da siririn tiyo na shaƙar iska, a kai shi sama, a sa masa 'yar filta saboda ƙura, da bawul mai rufe kansa in mota ta kife. In ka toshe wannan hanya, ko dai rana ta kumbura tankin, ko famfo ya tsotse shi ya lotsa.

Kafin ɗigon fetur ya shiga, sai an gwada. A toshe kowace kafa, a ba shi iska kaɗan, abin da bai wuce 0.2 ba a ma'aunin kilo na masu faci, a shafe duk layin walda da ruwan sabulu. Inda kumfa ta tashi, nan ɓarawon yake. Na ce kaɗan. Kada ka kai shi wurin mai faci ka ce a ba shi irin ta taya, wadda ta ninka haka sau goma. Wannan ƙaramin matsin da ka raina, a kan faranti mai santimita 100 da 60, ya fi nauyin tan ɗaya. Ninka shi goma ka ga yadda akwatinka zai koma. A nan sabulu yake da aiki, wurin gwaji, ba a tsakiyar Tenere ba, inda kuke murza shi kuna liƙe ɗigo kuna cewa Allah ya kai mu.

Mu koma kan daɓe. Ka ce tsufa ne ya cinye shi. Kai ne ka cinye shi. Ƙasarku ba ta da daminar da za ta ruɓar da mota. Gishirin Bilma da kanwar da kake lodawa, da ruwan jarka da ke zuba a ƙarƙashin tabarmar da ba a ɗagawa, su suka yi wannan aiki. Gishiri da laima in sun haɗu a kan ƙarfe ba sa barin komai. Kwanon rufin da kake shirin shimfiɗawa ɓoye ciwo ne. Tsatsa za ta ci gaba da cinta a ƙasa, ranar da za ka sani ita ce ranar da kujera ta nutse da kai.

Ga yadda masu abin suke yi. A cire kan batir, a sauke tanki, a kawar da tiyon mai da wayoyin da ke bi ta ƙasa, a yanke ruɓa har sai an kai ƙarfe mai haske. A duba ƙarafan da suka gitta a ƙarƙashi, da wuraren da bodi ke zaune a kan shasi, don sabon daɓe a kan ruɓaɓɓun ƙarafa aikin banza ne. A yanka sabon faranti, kamar milimita ɗaya da rabi a gidan direba, mai kauri a baya inda kaya ke zama. Shimfiɗaɗɗen faranti lotsawa yake yi yana ƙara in an taka, shi ya sa ake buga masa layuka masu tudu. Dubi daɓen kamfani, waɗannan layukan su ne ƙarfinsa, ko da yake na san kai ado ka ɗauke su. Inda kujera da bel ke kamawa a ninka ƙarfe. A bar 'yar ƙofa mai noti daidai saman famfo da ma'aunin mai, yadda in sun lalace a daji za ka buɗe daga sama, ba sai ka sauke tanki cike a cikin yashi ba. A bar ramukan zubar ruwa masu toshiyar roba. Sauran kowace kafa a liƙe ta, a shafa jan fentin maganin tsatsa sama da ƙasa. Ƙura ce ƙaramar matsala. Babbar ita ce hayaƙin salansa, wanda ke ɗauke da guba marar wari marar launi. Da sanyin hunturu in kun rufe gilashi, ta ramin daɓe take shigowa, direba ya fara jin barci da ciwon kai, ya ɗauka rashin shayi ne.

A nan zan ajiye wasa kaɗan. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da yawa daga cikinsu mutanen Kance ne, nan ƙasarmu ta Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa. Allah ya jiƙansu da rahama. Ka fi ni sanin cewa abin da yake ƙaramin gyara a gari, a can rai ake biya. Tsagar da ba ta kai tsawon farce ba tana iya tsiyaye tanki a dare ɗaya, ku wayi gari da lafiyayyar mota da ba ta zuwa ko'ina. Mutanen da ke hawa bayan motarka ba su ga waldar ba. Kai suka gani suka yarda.

To ga sharaɗi. Ka kamo hanyar Tanut a hankali, ka iso da wuri, don ba a fafe gora ranar tafiya. Man gwaji ba zai yi wuya ba, tun 2011 matatar SORAZ ke tace shi a ƙofar gidanmu, kana wucewa ta gabanta. Kuɗin faranti da sandar walda naka ne, hannu da hannu, don bashin Buzu sai ayari ya dawo, kuma ba a faɗin ayarin wace shekara. Ladan hannu na yafe saboda zumuncin kakanni. Sai dai ka zo da cuku mai kyau, da dabino, da kantu ɗaya na tumakin gida. Aikinka a gareji ɗaya ne: ka ɗauki gawayinka da butarka ka koma can gindin bango, nesa da inda ake aiki, ka dafa mana shayi. Kada ka ba da shawara. In ka ji shawara tana taso maka, ƙara sukari.

In kuwa girman kai ya hana ka zuwa, akwai hanya ta biyu mai sauƙi. Sayar da motar ka sayi amale. Ba ya son shamaki, ba ya son bawul, tozonsa ba ya tsatsa. Ka dai aiko da awon bayansa da wuri, don masu jiran sirdi a wurinmu suna da yawa, kuma layi za ka bi.

Naka har kullum,
Ɗan Maƙera, Damagaram.